Sidi Bai Taɓa Kiran Sunan Babana Ba

"Ammi Musa ba ɗan Sidi ba ne. Halas, magana ta ƙare, mu daina ɓoye-ɓoye."

Haka Majid ya faɗa ranar Juma'ar da ta wuce, hannunsa cikin tiren shinkafa, a falon gidan kakanmu da ke unguwar Aziziyya a Jidda. Majid ɗan ƙanin babana ne. Ammi Musan da yake nufi kuwa, wato Baffa Musa, babana ne, tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya, yana zaune kusa da shi a tire ɗaya. Ni ina ɗakin mata, ƙofa a buɗe, da kunnena na ji. Mun taru ne mu yi wa kakanmu sadaka, don shekara ashirin ke nan da rasuwarsa. Baba ya karkaɗe hannu, ya yi hamdala, ya tashi ya nemi takalminsa.

Tun ranar nake rubuta wannan a waya ina gogewa. Yau dai na ce sai na tura, ko da 'yan uwa za su daina gaishe ni.

Alhaji Adamu, wanda mu jikoki muke ce wa Sidi, ya shigo Jidda a farkon shekarun hamsin. Da ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa shi da kakata Hauwa, suna tafiya suna tsayawa aikin gona a Sudan don samun guzuri. A can hanya aka haifi babana, aka sa masa sunan mahaifin Sidi, Musa. Da shi a goye suka haye teku. Kakata ba ta daɗe a nan ba. Ta sauke farali, zazzaɓi ya kama ta a unguwar bukkokin mutanenmu da ke kudu da gari, ta rasu.

Sidi da ga-ruwa ya fara, gwangwani biyu a sanda, yana hawa benayen tsohon gari. Daga nan ya sayi jaki da tanki, jaki ya zama jakuna, ya tara mutane a ƙarƙashinsa. Duk baƙon da ya sauka daga jirgi bai san kowa ba, wurinsa ake turo shi. Ya auri Hajiya Zainab, haifaffiyar Jidda mai jinsiyya, wato takardar 'yar ƙasa, ta haifa masa Ammi Salih, mahaifin Majid, da mata biyu. A shekarun saba'in ya sayi fili a Aziziyya tun wurin yana fayau, ya gina gidan nan hawa uku. Da Hajiya Zainab ta rasu ya auri Sitti Kaltum, Bahaushiyar Sudan, wadda har yau tana nan a ɗakin ƙasa. Ita Allah bai ba ta haihuwa ba.

Gidan da sunan Ammi Salih aka rubuta, don shi ne ya samu jinsiyya ta wajen uwarsa, Sidi kuwa da iƙama, takardar zaman baƙo, ya rayu, da ita ya mutu. Kowa ya san haka. Ammi Salih, Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Allah bara bai taɓa cewa "gidana" ba, kullum "gidan Baba" yake cewa. Laifinsa ɗaya, ya yi ta ɗaga rabon gado, bana sai baɗi, har ƙasa ta rufe masa ido. Yanzu wani ya zo yana son sayen gidan ya rushe. Dattawan jama'armu suka kira Majid suka ce amana ce, a raba wa 'ya'yan Alhaji yadda shari'a ta ce. Ya ce tayyib, ya yarda, amma a fara tantance su wane ne 'ya'yan Alhajin.

Ku ji hujjarsa. Wai a duk unguwa Abu Salih ake kiran Sidi, ba Abu Musa ba, kuma a nan kowa da sunan babban ɗansa ake kiransa. Wai shi tun tasowarsa bai taɓa jin Sidi ya ce "Musa" ba, sai dai "mutumin nan". Wai ba sa cin abinci tare, in Baba ya shigo falo Sidi sai ya kawar da kai. Wai an kai Ammi Salih makaranta, Baba kuwa yana bin jakuna. Da aka ce masa ga sunan Adamu a iƙamar Baba, sai ya ce a zamanin can duk yaron da aka tsinta a hanya da sunan mai riƙonsa ake rubuta shi.

Abin da ya fi ƙona min rai, babu ƙarya a abin da ya gani. Ya gani ɗin, fassarar ce ba shi da ita. Majid yana jin Hausa kamar yadda nake jin Urdu a kasuwa, kalma nan kalma can. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa cewa a inda Sidi ya fito, mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane, ba ya ma nuna ya san da zamansa. Kunya ce. Balle yaron da ke ɗauke da sunan mahaifinka, wannan ai bakinka ba zai iya ba ko da wuƙa a wuya. Maganar makaranta kuwa, wa zai karɓi yaron da ba shi da takarda a lokacin, ga uwa ta mutu, ga jakuna suna jiran mai kora?

Sitti Kaltum ce ta ba ni labarin yadda aka yi Sidi ya zama Abu Salih, ita ma daga bakinsa ta ji. Wani maƙwabcinsu mai gasa gurasa ne ya ce ba zai yiwu a ci gaba da ce wa babban mutum "ya Adam" ba, ya sunan babban ɗanka? Sidi ya sunkuyar da kai, ya yi ta murmushi. Mutumin ya sake tambaya, shiru. Sai ya nuna jaririn da ke kan tabarma ya ce, wannan fa? Sidi ya ce, Salih. Shi ke nan, mai gurasa ya raɗa masa suna, unguwa ta ɗauka. Sidi bai gyara ba, don gyarawa na nufin ya buɗe baki ya faɗi sunan da ba ya iya faɗa.

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya lokacin jinyarsa ta ƙarshe, kuma ina tuna abin da idona ya gani. Ba ya yarda kowa ya juya shi ko ya kai shi banɗaki sai Baba. Lokacin Baba yana tuƙa wasu masu gida a Abhur, sai ya tashi aiki yake zuwa. In la'asar ta wuce Sidi zai fara kallon ƙofa. "Mutumin nan bai zo ba?" In an kawo nama ya ware tsoka mai kyau ya ce a rufe wa mutumin nan. Baba na shigowa kuma sai ya juya fuska bango kamar barci yake. Majid ma yana wurin, ya ga duk wannan. Shi abin da ya ɗauka, tsohon bara ne yake yi wa ubangidansa hidima.

Da Sidi zai leƙo yau, ban san wanne zai fi ba shi mamaki ba, Jiddar da ba a sayen ruwa a gwangwani, ko jikansa da ya kori ɗansa daga zuriya da bakin da yake cin sadakarsa. Na tabbata zai yi fushi. To amma ni ma ina fushi da shi, Allah ya gafarta min. Sidi, kai da ka iya lissafin jakuna da mutane, ka iya zama da kafili mai tsaya wa baƙo da 'yan baladiyya na hukumar gari, ka koyi Larabci har kana faɗa da shi, ba ka lura ƙasar ta canja maka ba? A garinku duk wanda ya ga kana kawar da kai daga yaro ya san ɗan farinka ne. A nan wanda ya gani cewa zai yi ba naka ba ne. Ka yi shekara hamsin a cikinsu. Sau ɗaya tak, a gaban mutum biyu, ka ce "wannan ɗana ne", me zai ci ka?

Dattawa za su sake zama, kuma Sitti Kaltum ta ce ko a keken guragu sai an kai ta. Ta ce min, "Ni ba kunyar kowa nake ji ba, ba ni na haife shi ba. Zan faɗi sunansa har sai sun gaji da ji." Ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda suka san abin daga tushe, kuma ba lafiya gare ta ba.

Baba kuwa ya ce ba zai je ba. A mota, ina mayar da shi gidan hayarmu a Madain Fahd, na yi ta masifa. Na ce akwai kotu, akwai gwajin jini, yalla mu je mu kunyata su. Ya ce, "In tsaya gaban mutane in ce a auna ko Alhaji ubana ne? Su riƙe gidan."

Na ce, "Baba, ba gidan ba ne. Sunanka suke cirewa, da namu."

Ya ce, "Shi ya san ni. Ni ma na san shi."

Muka tsaya a danja. Ban san abin da ya hau kaina ba, na ce, "To Baba, ya sunan Yaya?" Babban wanmu nake nufi, ɗansa na fari, Adam, mai sunan Sidi. Baba ya juya yana kallon shaguna ta taga. Can ya ce, "Ke ai kin san sunansa." A unguwarmu Abu Yasir ake ce wa Baba. Yasir shi ne na biyu.

Gidan Aziziyya ko yau ko gobe za a rushe shi, jakunan an manta da su, mutanen da ya saukar sun watse. Abin da ya rage na Sidi wanda ba a taɓa ba shi ne wannan kawar da kan, yana nan daram a wuyan babana, da son da ke ɓoye a ƙarƙashinsa wanda ba mai iya karantawa sai tsohuwa ɗaya. Ban ce al'adar banza ba ce. Na ga naman da ake rufewa. Amma naman nan ba zai je gaban dattawa ya yi shaida ba.

Iyayenmu na Jidda, da na Makka da Madina, ku da jikokinku suke amsa muku da Larabci: in yau aka binne ku, wa kuka bari da zai iya rantsuwa ya taɓa jin kun ce ɗan farinku naku ne?