Kiɗana Ba Na Roƙo Ba Ne

Ni malamin gona ne. Aikina in hau babur in zaga ƙauyukan Sundimina da Surko, in nuna wa manoma tazarar shuka da yadda ake zuba taki, su saurare ni da ladabi, in na juya baya su yi yadda suka ga iyayensu suna yi. Ba wanda zai dube ni ya ce ga makaɗi. Gidanmu na Gwaram gidan malamai ne. Kakana ya yi limanci, mahaifina har ya rasu yana ba da karatu a zaure, kuma ko ranar biki mai kalangu ba ya tsayawa a ƙofarmu.

Abin ya shigo mini ne ta hannun wani ɗan bautar ƙasa da aka turo ofishinmu na Birnin Kudu. Da zai koma garinsu ya bar mini tsohuwar kwamfutarsa, wadda batirinta ya mutu, sai an jona ta da wuta take tashi. Wata Asabar da hantsi ina bincikenta na tarar da tarin kiɗe-kiɗe, na danna ɗaya. Ganguna ne ke gudu kamar an koro su, suna tuntuɓe suna miƙewa, a ƙarƙashinsu kuma wani amo mai kauri yana tafiya a hankali abinsa, ba ruwansa da saurinsu. Babu mai waƙa. Na maimaita shi har shayina ya huce. Da na kira yaron a waya ya yi dariya, ya ce sunansa diram an bes, wato ganga da bes, bes ɗin shi ne wannan amon da ake ji a ƙirji kafin kunne. Ya ce manhajar da ake haɗa shi tana nan cikin kwamfutar, in ina da haƙuri.

Haƙuri kuwa ina da shi. Na share gefe guda na ɗakin da muke ajiye buhunan gero da kayan feshi, na rataye tsohuwar katifa da tabarmi a bango don kada sauti ya riƙa dawowa, na jawo waya daga ɗan faifan solarmu. Lasifikar rediyona ba ta ɗaukar bes, da ya sauka sai ta kama zizar ƙudan zuma. Sai na samo lasifikar mota a wurin 'yan gwangwan na kifa ta a bakin wata randa da ta tsage. Ranar da na fara gwadawa, matata ta leƙo da gudu tana tsammanin tifa ce ta tsaya a bayan gida.

Abubuwan da na fara haɗawa ba su da daɗi, ba zan ɓoye ba. Matata ta ce kamar kwanuka ne suka zubo daga kan kanta. Na yi watanni ina kallon koyarwa a waya, rabi in gane rabi in yi ta lalube, har na iya yanka bugun ganga gunduwa-gunduwa in sake jera shi yadda nake so. Amma ko da ya fara zama kiɗa, ji nake kamar na sa rigar aro. Gangunan da ke cikin manhajar ba su san ni ba.

Matata ce ta warware mini, ba da niyya ba. Ana suna a maƙwabta, mata suna lugude, ta ɗauko sautin a waya don ta nuna mini yadda wata ƙawarta ke cilla taɓarya sama ta tafa kafin ta cafe. Na sa shi a kwamfuta na ƙara masa sauri, sai ga abin da nake nema. Daga nan na zama mai yawo da waya a hannu. Na ɗauko kukan injin niƙa na unguwarmu na ja shi ƙasa har ya koma gurnani, shi ya zama bes ɗina. Na hau duwatsun bayan gari, inda akwai dutsen da in ka buga shi da ƙaramin dutse yake amsawa kamar ƙarfe, na zauna cikin rana ina bugu ina ɗauka, masu kiwo suna kallona daga nesa.

Kiɗan farko da na yarda da shi na kai wa wani mai situdiyo a cikin gari, wanda ke buga wa mawaƙan biki da na siyasa. Ya saurara bai kai rabi ba ya tsayar. Ya ce hannuna yana da kyau, amma wannan gudun na mene ne, wa ya biyo ni? Shawararsa in rage sauri, in cire gurnanin, shi zai samo yaro mai murya a ɗora waƙar wani mai neman kujera, tunda zaɓe ya ƙarato. Na ce masa in aka rage saurin aka cire gurnanin, to me ya rage nawa? Ya ce ai kiɗa don mutane ake yi. Na ce ni ma mutum ne. Na zare abina na fito.

Sai bikin ƙanena ya zo, a Gwaram. Abokan ango suka yi wasa da la'asar a wani fili nesa da gidanmu, suka ɗauko mai kayan sauti. Ƙanen nawa, wanda ya taɓa jin kiɗan a ɗakina, shi ya matsa a sa. Aka sa. Samari suna tsakiyar rawa, gangunan suka ɓarke, bes ya sauka har ledojin ruwa suna rawa a kan tebur. Kowa ya tsaya cak. Wasu suka gwada bin gangar suka kasa, wani ya yi ihu a kashe inji a kawo kiɗa, fili ya ɗauki dariya. Mai kayan sautin ya canza tun bai kai ƙarshe ba. Ina tsaye a gefe ina jin dariyar, amma abin da ke raina daban ne: karo na farko ke nan da na ji bes ɗina a manyan lasifiku, kuma ya fita daidai yadda na auna shi. Daga ranar samarin Gwaram suka laƙaba mini Mai Inji. Ina amsawa.

Labari ya riga ni isa gida. Washegari Baffa, ƙanen mahaifina wanda yanzu shi ne babba a gidan, ya sa aka kira ni zaure. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya tuna mini wane ne kakana, ya ce an ba ni ilimi da aikin gwamnati, ina da iyali, sai in ɓuge da abin da ake yi wa liƙi.

"Ɗan gidan nan ba ya roƙo," in ji shi.

Na ce, "Allah gafarta Malam, wa na roƙa? Kiɗan nan babu sunan kowa a cikinsa. Ba na wasa wani, ba na zagin wani, ba a ba ni ko sisi. A ɗakina nake yi bayan na tashi daga aiki, kuma bai taɓa hana ni salla ba."

Ya ce to abin da ba ya kawo komai, me ya sa ba zan bari ba? Ta yaya zan ce wa Baffa duk mako ina gaya wa mutane abin da ba za su yi ba, wannan ne kaɗai wurin da nake sa abu ya zauna inda na sa shi? Sai kawai na ce ina so ne. Ya ce Juma'a mai zuwa in zo masa da na'urar, in ba haka ba kada in sa ran zai amsa gaisuwata.

Juma'a na hau babur na tafi Gwaram, hannu rabbana, ba na'urar. Bayan an sauko daga masallaci na shiga zaure tare da sauran 'yan'uwa, na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi hannuwana, ya juya ya ci gaba da magana da na kusa da shi. Na zauna har aka tashi. Juma'ar gaba na sake zuwa, da wadda ta biyo ta. Yayyena suka yi ta ba ni baki, wai in kai masa kwamfutar ko na kwana biyu ne, in ya huce in karɓo. Na ce ba zan yi wa tsoho wayo ba, kuma ba zan ba da abina ba. Gaisuwa hakkinsa ce zan kai masa, amsawa kuma ruwansa. Matata ta sha kuka a kan maganar, don matan gidan sun fara yi mata habaici a wurin taro, amma ba ta taɓa cewa in daina ba.

Haka muka shiga damina har masara ta kai gwiwa. A lokacin ne tsutsa ta faɗa wa gonar Baffa ta bakin rafi. Ba wanda ya aiko mini, a bakin wani ɗan'uwa na ji. Na ɗauki jarkar feshi da magani na tafi da sassafe, na bi kunya-kunya ina zubawa a kan kowace masara. Ina cikin yi na hango shi a bakin gona, da sandarsa. Na gama layin da nake kai, na je na gaishe shi kamar kullum.

Wannan karon ya amsa. Ya tambaye ni ko masarar za ta tashi, na ce in sha Allahu, in aka maimaita feshin bayan mako. Muka ɗan tsaya muna kallon gonar.

"Har yanzu kana yin abin nan?"

"Ina yi, Baffa."

"Allah ya shirye ka."

Na ce amin, da zuciya ɗaya, don ba wanda ya fi ƙarfin wannan addu'a. Bai janye maganarsa ba, ni ma ban janye tawa ba, kuma bai sake tayar da ita ba har yau. Na wanke hannuna a rafi na kama hanyar Birnin Kudu. Da Asabar ta zo na fara sabon kiɗa, ya fi duk na baya sauri.