Dakta Albashir da Ɗigo Uku na Ƙwarya

Kullum bayan asuba, Dakta Albashir Ɗanmaliki yakan zauna bakin kogi a Illo, tsohuwar jaka a cinyarsa, yana kallon jiragen masunta suna ɓulla daga hazo kamar a mafarki. Hotuna ne fal a jakar: ƙoren zane da tabarmi da Turawan mulki suka kwashe zuwa gidajen tarihinsu. Ƙarƙashin kowane hoto magana ɗaya ce: "Ba a san mai aikin ba."

Wannan jimla ta hana shi sakat shekara talatin da ɗaya yana koyar da tarihin fasaha a jami'a. Da an ba da hutu, abokansa su nufi taron ƙasar waje, shi kuwa ya hau babur zuwa Geza da Kurgu, ya tsallaka Benin, yana nuna wa tsofaffi hotuna. Masu duba rubutunsa suka ce hirar tsofaffi ba hujja ba ce. Haka ya yi ritaya bana, farfesancin bai zo ba.

Amma 'yan Illo sun ga ranar da ya miƙa wa wata tsohuwa, Fatimata, hoton wata ƙwarya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora yatsa a bakin ƙwaryar, inda aka ƙona ɗigo uku.

"Wagga aikin kakata Asma'u na," in ji ta. "Ɗiya ukku ta binne. Tun sannan ɗigo ukku taka ƙonawa ga kowace ƙwarya."

Ta shiga ɗaki ta fito da wata mai irin ɗigon, babu bambanci. Shekara shida Dakta yana aika wasiƙa gidan tarihin da ƙwaryar take, a sa sunan Asma'u, yana gudun kada tsohuwar ta rasu kafin amsar ta zo.

Kai ne mai maida suna ga masu shi, Dakta. Mun ji takaicin kujerar da ba ka samu ba, kai kuwa ko a jikinka.

Da damina amsar ta iso, da hoton sabon allon da aka sa ƙarƙashin ƙwaryar. Fatimata ba ta karanta boko, sai ya karanta mata: "Asma'u ta Illo."

"Sake hwaɗi," ta ce. Ya sake, har sau uku.

Allah ya saka, Dakta. Ku kuma matasa, akwai sauran hotuna ɗari biyu a jakar nan, kuma tsofaffin ba za su jira ku ba.