Hannun Tsohuwar Fakku

Ina aikin nas a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Kebbe aka kawo wata tsohuwa daga Fakku, a kan babur, tsakanin 'ya'yanta maza biyu. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Idanunta kuwa ras, duk inda na yi suna bina.

Na sa yatsana cikin tafin hannunta na hagu na ce, "Inna, in i ne ki matse, in a'a ne ki ƙyale." Da haka na gane kunun tsamiya take so ba shayi ba, kuma ba ta son a sauya mata zane a gaban surukarta. In na tsokane ta, gefen bakinta yakan ɗan motsa.

Da jiki ya ƙi daɗi, likita ya ce a wuce da ita Sakkwato. Babban ɗanta, malamin makaranta a Tambuwal, ya amince. Ƙaramin, manomi da ke zaune tare da ita, ya ce wahala kawai za a ƙara mata. Suka yi ta ja, sai babban ya dube ni.

"Malama, ke ka jin maganatta. Tambaye ta muna."

Na durƙusa bakin gadon. "Inna, a kai ki Sakkwato?" Hannun bai motsa ba. Na maimaita, shiru. "A mai da ki gida?" Sai na ji wani ɗan motsi a yatsana, ko matsi ne, ko rawar hannu ce.

"Mi ta ce?" in ji ƙaramin.

"Gida take so," na ce.

Ba wanda ya ƙara musu. Suka tafi da ita, ta rasu kafin a yanke gero.

Abin da ke cina shi ne, ranar da na yi mata tambayar, tun safe ba ta matse ni ba, ko a kan kunu. Mai yiwuwa ƙarfin ne ya ƙare, ni kuma na ɗauki shirunta a matsayin amsa. Na san kwana ba ya wuce ranarsa, amma wannan bai sanyaya mini zuciya ba.

Bayan sadakar arba'in babban ɗan ya zo har asibiti da kaza a hannu.

"Allah shi saka miki," ya ce. "Ba don ke ba da na kai ta inda ba ta so."

Na karɓa da hannu biyu, na yi masa gaisuwar rashi.