Ƙananan Haruffan Da Ban Karanta Ba

Assalamu alaikum, 'yan'uwa, abokai da tsofaffin ɗalibaina.

Wata biyar ke nan ban rubuta ko harafi ɗaya a wannan shafi ba. Wasu sun zaci na gaji ne da gyara musu ƙa'idar rubutu. Ko kusa. Hannuna na dama ne ya ƙi riƙe alƙalami. Yau ga shi ya dawo bakin aiki, murna kuwa ta hana ni yin shiru.

Shekara shida da suka wuce, bayan na ajiye aikin hedimasta, likita ya tabbatar mini da hawan jini. Ya ɗora ni kan wata ƙwaya ruwan hoda, 'yar ƙasar waje, ɗaya kowace safiya. Ban taɓa tsallake rana ba. Har littafi na buɗe, ina rubuta awon jinina da kwanan wata.

Bara farashinta ya fi ƙarfin fanshona, sannan ta ɓace a garinmu Batsari. Sai an aika Katsina, kun kuma san halin da hanya kan shiga.

Mai kemis ɗin unguwarmu ya miƙo mini wani kwali mai fararen ƙwayoyi, kuɗinsa bai kai sulusin wancan ba. Ya ce, "Malam, abu ɗaya ne. Ba a daɗe da hukuma ta amince da shi ba."

Na dubi sunan da aka buga da manyan haruffa, na ga ba nawa ba ne. Na tura masa abinsa, na ce, "Araha ba ta ado. Ni ba na shan jabu."

Sai na koma gida na sa reza ina raba ragowar ƙwayoyina biyu, daidai wa daida. Rabi kowace safiya, daga baya rabi bayan kwana biyu. Ban shaida wa kowa ba. Littafin awo ma na rufe shi, domin lambobin sun daina yi mini daɗi.

Ciwon ƙeya ya fara, jiri ya biyo baya. Na ɗora wa zafin rana laifi.

Wata safiya a Safana, ana sunan jikar ƙanena, aka ce in rubuta sunan jaririyar a takarda, tunda ni ne mai kyan rubutu a dangi. Biro ya suɓuce. Na ɗauka, ya sake suɓucewa. Na buɗe baki in yi magana, harshe ya yi nauyi.

A bayan a-kori-kura aka kai ni asibiti, daga can aka tura mu Katsina. Awon farko ya haura ɗari biyu. Aka ɗebi jini, aka duba ƙoda, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Kuɗin hoton kaɗai ya cinye duk tsimin da na yi da reza, har da ƙari.

Likita ya ce, "Baba, shanyewar ɓarin jiki ce, amma ƙarama. Ta biyu ba ta cika zuwa da sauƙi ba."

Na ji tsoro ƙwarai. Ba na mutuwa kaɗai ba. Na riƙa hango kaina, ni da na koya wa ɗaruruwan yara sa hannu, ina dangwala yatsa a takardar fansho.

Ranar sallama, bayan kwana tara, mai ba da magani ta shigo. Ashe Bilkisu ce, ɗalibata daga Wagini. Ta buɗe leda, sai ga fararen ƙwayoyin nan. Na ɓata fuska.

Ta karɓi tsohon kwalina daga hannun uwargidana, Hajiya Rabi, ta jera su biyu a kan gado.

"Baba Hedimasta, bar manyan haruffan. Wannan sunan kasuwa ne, kamfani ke raɗa shi. Karanta mini na ƙasa."

Na sa tabarau. Kalma ɗaya ce a duka biyun, ƙarfin maganin ma ɗaya. Ta nuna mini lambar rajista, ta ce hukuma ba ta ba da ita sai an tabbatar maganin yana aiki a jiki kamar na asali.

Ta yi murmushi. "Ba kai ne kake ce mana a karanta tambaya har ƙarshe kafin a amsa ba?"

Hajiya kuwa ta samu abin da take jira. "Malam, shekara nawa kana yi wa mutanen ƙauye dariya don suna cewa a ba su kafso ɗan ja-da-yalo? Ashe kai ma ɗan ruwan hoda kake nema, sai dai naka da turanci."

Na yi dariya da karkataccen baki. Gaskiya ta faɗa.

Wata huɗu ina tsince wake ɗaya bayan ɗaya daga faranti don motsa yatsu, ina shan farar ƙwayata cikakkiya. Awona ya tsaya a ɗari da talatin bisa tamanin. Maganin yana nan a Batsari, tafiyar minti biyar daga ƙofar gidana, kuma fanshona na iya ɗaukarsa.

Makon jiya aka yi aikin tantance 'yan fansho. Jami'in ya turo mini tawadar dangwale. Na ce, "Ɗana, ajiye wannan, ba ni biro." Na sa hannu har da lanƙwasar ƙarshe. Alhamdu lillahi!

Ina gode wa Allah, sannan likitoci, da Bilkisu, da Hajiya. Mai kemis kuwa na taka da ƙafata na ba shi haƙuri.

Da gangan na ƙi ambaton sunan maganin, don kada wani ya saya ba da izinin likita ba. Shawarata ita ce: kada ku raba ƙwaya ko ku tsallake rana saboda tsada. Ku faɗa wa likita gaskiyar aljihunku, ku tambaye shi ko akwai irinsa mai sauƙi. Jabu yana nan, don haka ku duba lambar rajista, ku saya inda kuka amince. Ku auna jini ko kuna jin garau.

Kuma ku karanta kwali har ƙasa.

Jiya na aika wa ƙanena takardar sunan jikar tasa. Hafsatu, da haruffan da suka tsaya cak a kan layi. Na makara da wata biyar, amma babu kuskure ko ɗaya.