Guzurin Ƙwayar Dawa

A ƙauyenmu da ke bayan Hasahisa, tatsuniya tare da kisra, wainar dawa mai faɗi, take zuwa. Da an sallame magariba kakata, wadda muke kira Habboba, za ta hura wuta da karan auduga ta ɗora doka, faifan ƙarfen da ake gasa kisra a kai. Mu kuma mu kewaye ta, wai jin labari, alhali rabin hankalinmu yana kan kisrar da ta ƙone a gefe. Iyayen Habboba da ƙafa suka taso daga yamma za su Makka, guzuri ya ƙare musu a yankinmu na Jazira suka zauna. Shi ya sa komai na duniya ita da guzuri take auna shi.

"Ga ta nan, ta taho da ƙafa," haka take farawa. Wadda ta fi zama a raina ita ce ta Uwa Dawa.

Uwa Dawa, in ji ta, damina guda take yi tsaye da ganye a shimfiɗe tana tarar rana. Sai ta haɗa da ruwa da iska ta girka abinci. Kaɗan take ci, sauran ta ƙulle wa 'ya'yanta, kowace ƙwaya da ƙullinta. "Ɗiyana, za a rufe ku cikin duhu," Habboba kan faɗa da muryar Dawa. "Kar ku ji tsoro. Ku ci guzurinku sannu, ku tura saiwa ƙasa, ku miƙe sama. In kunka ga rana, halas, shi ke nan, kun iya girki da kanku."

To, ƙwaya ɗaya ta faɗa hannun manomi mai tsoron tsuntsu. Ya haƙa rami mai zurfi ya binne ta don kada kurciya ta tone. Ta yi ta hawa tana cin guzuri, saura kaurin yatsa ta ga haske, ƙullin ya ƙare.

Ni dai haushi ya kama ni. Na ce, "Me ya hana uwar ta ƙara mata?"

"Ke ja'ira, mi ya rage mata?" Habboba ta ce tana ɓamɓare kisra. "Duk ta bayar. Ki tambayi hannun da ya binne."

Shekaru sun ja, Habboba ta rasu, yaƙi ya tashe mu. Muka sauka wajen dangi kusa da Rusairis, ni da maigidana da yara huɗu da kwano ɗaya na irin dawa da na ɗaure a bakin mayafi. Ko ranar da muka kwana da yunwa ban bari an niƙa shi ba. Aka ba mu aron gona, ruwa ya sauka. Maigidana ya dubi kurciyoyin da ke kan itace, ya ɗaga sungumi ya kafta rami har kusan taƙi.

"Malam, gaɓa biyu ta yatsa," na ce. "Kar ka ƙara."

"Zainabu, in tsuntsu ya tone, mi za mu ci? Ba mu da wani iri."

"Don haka na ce kar ka ƙara. Tsuntsu bar ni da shi."

Ya san halina, ya girgiza kai ya rage zurfin. Kullum da asuba ina bakin gona da gwangwani da tsakuwa, ina kaɗawa ina ihu har muryata ta dishe. Matan gari suna wucewa suna dariya, wai 'yar Jazira ta zautu. Tsoro kam na ji shi, don in irin nan ya mutu da bakina na kashe shi.

Rana ta biyar gona ta yi tsiri-tsiri da kore. Na durƙusa na tone guda ɗaya a hankali. Ƙwayar ta yamutse, na murza ta ba komai ciki sai ɓawo, ga ɗan ganye a sama ya buɗe yana fuskantar gabas.

A nan na tuna iyayen Habboba, na tuna mu da muka iso hannu wofi. Ina yarinya ƙarewar guzuri ce ke ba ni tsoro, ashe ba ita ce mutuwa ba, in dai a bakin haske ya ƙare. Na mayar da ƙasa a gindinta, na share hawaye, na ɗauki gwangwanina.