Malam Dakata da Muryar Innarmu

Tun masu shara ba su gama da baranda ba yake shigowa, ya ajiye filas ɗin shayinsa, ya yaye zanen da ya lulluɓe kwamfutocinsa uku. Ɗaya irin ta ofis ce, ɗaya mai tambarin tuffa, ta ukun kuwa tsohuwa ce mai ƙara kamar injin markaɗe, shi kaɗai ya san kanta. Sau biyu Oga yana cewa a kai su sito, sau biyu yana amsawa, "Ranka ya daɗe, sai dai a haɗa da ni."

Shekara ashirin da shida yana gyara mana kwamfuta, Juma'ar nan zai ajiye aiki. Malam Dakata muke ce masa, don ba ka isa ka kai hannu kan maɓalli a gabansa bai ce "Dakata!" ba. Duk wanda ya kai masa filash ko faifan ajiya, sai ya tambaye shi a wace kwamfuta aka fara zuba masa kaya, ya yago salatif ya rubuta ya manna. Mun sha yi masa tsiya, wai saura shi a manna masa a goshi. Direbanmu dai ya daina dariyar tun ranar da Malam ya ciro wa 'yarsa aikin kammala karatunta daga filash ɗin da kowa ya ce ya mutu.

Ni ma tawa ta zo. Yayana ya yi shekara biyu yana naɗar hirar Innarmu kafin ta rasu, bara shi ma ya bi ta. Kwamfutarsa ta lalace, matarsa ta ba ni faifan, babu kwafi ko'ina. Na jona shi a tawa ta ofis, sai ta ce sai an yi masa fomatin. Ni wallahi na ɗauka 'yar kimtsawa ce. Yatsana na kan maus, sai ga shi ya shigo sauya tawadar firinta.

"Dakata, Hajiya! Faifan wa?"

"Na marigayi Yaya ne, Malam."

"Wace irin kwamfuta yake riƙewa?"

"Mai tuffar nan."

"To cire hannunki. Kayan suna nan. Taki ce ba ta iya karanta tsarin tasa ba, shi ne take so ta share komai ta shimfiɗa nata."

Innalillahi! Na ɗauki faifan na bi shi ɗakinsa. Ya jona faifan a mai tuffar, 'yar fitilarsa ta yi ta ƙyafta ido. Can sai ga su sun jeru, hira ɗari da sha huɗu. Ya danna ta farko.

"Kai, kashe abin nan in gyara ɗankwalina!" in ji Inna, Yaya yana ta ƙyaƙyata dariya a bayanta.

Na zube a kan wani kwali na yi kuka har na gode Allah. Shi kuwa ya juya baya, wai wani noti yake nema. Da na natsu ya kwafe komai a faifai biyu da ya tsara yadda kowace kwamfuta za ta karanta, ya manna musu salatif. "Ɗaya gidanki, ɗaya gidan matar Yaya. Kwafi ɗaya ba ajiya ba ce."

Malam, kai ne maganin mai gaggawa. Kai ne ba ka taɓa ce wa kowa jahili ba, ko mu da muka cancanta. Mun gode, Allah ya sa ka huta lafiya, ya saka maka da alheri.

Wanda zai gaji kujerarsa, don Allah ya bar kwamfutocin nan uku a inda suke, ya koyi tambaya kafin ya taɓa. Ku ma, in kwamfuta ta tambaye ku abin da ba ku gane ba, ku janye hannu ku nemi wanda ya sani. Jiya autata, wadda ba ta riski Inna ba, ta sa na maimaita mata faɗan ɗankwalin nan har sau biyar.