Wa Ke Buɗe Mini Saƙon Banki?

Shekarun baya can, lokacin da shagunan intanet ke tashe a Lafiya, bankinmu ya ce sai kowa ya kawo adireshin imel. Ni mai fataucin doya, ina ni ina imel? Abokina na yarinta, wanda muke rumfa ɗaya a kasuwa, shi ya ja ni kafe ɗin wata Madam a Bukan Sidi. Ta buɗe mini akwati, shi ya zaɓa mini lambar sirri, na kwafe adireshin a fom na miƙa. Ban sake waiwayar abin ba.

Bayan kamar shekara biyu na shiga banki sabunta takardu, na ce wa ma'aikaciyar ta soke imel ɗin nan, ai ya mutu tuni.

Ta dubi kwamfuta ta ce, "Alhaji, naka da ransa. Wanda ya mutu, saƙonmu dawo mana yake yi. Kuma akwai ɗan hoto da ake ɓoyewa a cikin saƙon, da an buɗe sai ya sanar da mu. Kai duk wata kana buɗewa."

Ni? Ni da ko kunna kwamfuta ban iya ba!

Na fito daga bankin. Duk sirrin asusuna yana cikin saƙonnin nan, kuma a sanina mutum ɗaya ne ke da lambar. Sai na fara tuno abubuwa. Ranar da mutanen Kano suka sallame ni, wa ya ce, "Yau kam kasuwa ta yi maka"? Shi. Wa ya ba ni shawarar sayen fili a Akurba daidai lokacin da nake da hali? Shi. Ni kuwa Allah ya yi ni da zargi, in na kama abu ba na saki.

Ban tambaye shi ba, nan wautata take. Na dai ɗauke masa wuta. Na kwashe doyata na koma wata rumfa, ya gaishe ni in amsa a daƙile. Matarsa ta haihu, ya aiko mini da goron suna, na ce ina da tafiya Keana, alhali ina gida ina ta huci.

Mai ɗakina ce ta gaji ta ce, "Maigida, je ka canza lambar mana, ka huta mu huta."

Na je kafe. Madam ta ji bayanina, ta tuntsire da dariya, ta jawo wani tsohon littafi daga durowa.

"Oga, ai ni ne yana buɗewa! In akwati ya daɗe ba a shiga ba, kamfani zai kulle shi, sai ku zo kuna mini wahala. Duk farkon wata ina shiga na kowa, in danna saƙo na sama, in fita. Karatu? Ina lokaci!"

Ga sunana nan da lambata, tsakanin na wani fasto da na wata mai gishiri. Na canza lambar, na sa ta soke layina har biro ya huda takarda, don har yau ban gama yarda da "ina lokaci" ɗin nan ba.

Daga nan gidan abokina na wuce. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na faɗa masa komai. Ya ce, "Lambar? Wallahi tun a bakin ƙofar kafe na manta ta." Ya shiga ciki, ya fito da jaririn, ya ɗora mini a hannu.

"Ga takwaranka. Ranar suna na yi ta duban hanya, har liman ya gaji da jira."

Na'urar banki ba ta yi ƙarya ba, an buɗe saƙon. Wanda ya buɗe ne ba ta sani ba, ni kuma na cike gurbin da sunan mutumin da ya fi kowa ƙaunata. Mun koma rumfa ɗaya, bai taɓa ta da maganar ba. Amma takwaran nawa ya girma yanzu, kuma duk ranar da ya tambaye ni me ya sa ba na cikin hotunan sunansa, sai in ce masa tafiya ce ta kama ni.